Waiwaye: Ɗan akwatin da ke jikin takardar haraji da karatun zama ɗan ƙasa

A sakandaren da nake koyarwa, a wani ƙauye na ƙasar Ringim, darasin zama ɗan ƙasa, wanda yara ke kira sibik, sau biyu ake yin sa a mako. Allo ne da alli, sai abin da malami ya haddace. Bara na ƙudura in kai 'yan aji biyar Dutse su ga zaman Majalisar Dokoki da idonsu, domin na gaji da zana musu sandar majalisa a allo. Kuɗin mota ya gagara. Na rubuta takarda zuwa inda ya kamata, shiru har damina ta faɗi, yara suka koma gona. Muna zaune a gindin darbejiya wani abokin aikina ya ce, "Malam, ai a wata jiha ta Amurka a jikin takardar haraji ake tara wa irin wannan aiki kuɗi, wanda ya ga dama ya sa hannu." Maganar ta tsaya mini a rai, na bi sawunta.

Asalin abin siyasa ce, ba makaranta ba. A 1971 majalisar Amurka ta yi dokar da ta sa wani ɗan akwati a fom ɗin harajin da kowane mai samu ke cikewa duk shekara. In ka yi alama a ciki, za a ware dala 1 daga harajin da dama za ka biya, a zuba a asusun yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa, don kada 'yan takara su zama 'yan amshin shatan masu kuɗi. Ba a ƙara maka ko kwabo, hanya kawai ka nuna wa kuɗin. A zaɓen 1976 Jimmy Carter da Gerald Ford kowanne ya karɓi kusan dala miliyan 22 daga wannan asusu. A 1980 kusan kashi 29 cikin 100 na masu cike fom sun yi alamar. Daga nan abin ya yi ta zamewa. An ɗaga kuɗin zuwa dala 3 a 1993, bai hana ba. A 2008 Barack Obama ya ƙi karɓar kuɗin babban zaɓe saboda abin da yake tarawa da kansa ya ninka shi, kuma yau masu yin alamar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Jihohin Amurka suka ari dabarar, suka sauya mata fuska. A 1977 jihar Kolorado ta buɗe layi a fom ɗinta don kula da namun daji. A nan kam daga aljihunka ne: ko a rage daga rarar da hukuma za ta mayar maka, ko ka ɗora a kan abin da ake bin ka. Wannan ce kyautar ganin dama ta ainihi, kuma ta wannan ƙofa karatun zama ɗan ƙasa ya shigo. Ƙungiyar matasa ta YMCA tana da wani shiri da ta faro a New York a 1936, inda 'yan sakandare ke kwaikwayon majalisa da kotu, su rubuta ƙudiri, su yi muhawara, su kaɗa ƙuri'a. A Kalifoniya yaran kan taru a Sakramento, babban birnin jihar, kuma asusun wannan shiri ya hau fom ɗin harajin jihar na shekarar 2012. Sai dai da sharaɗi mai tsauri irin wanda ake gindaya wa mafi yawan asusun da ke fom ɗin: in bai tara dala 250,000 a shekara ba, a sauke shi. Ga shi layukan suna da yawa, masu ciwon daji suna nan, tsofaffi suna nan, namun ruwa suna nan, kowa na miƙo ƙoƙonsa ga mutum ɗaya.

Turai ta bi hanya ta farko, wato a ware daga harajin da dama za ka biya. Hungari ta yi doka a 1996 mai ba mutum damar ware kashi 1 cikin 100 na harajinsa ga ƙungiyar da ya zaɓa, Polan ta fara a 2004, Italiya ta zo da nata biyar cikin dubu a 2006.

To, mu dawo gida, domin a nan gizo ke saƙa. Duk waɗannan dabaru a kan abu biyu suka tsaya: akwai takardar da mutum ke cikewa da hannunsa, akwai kuma yardar cewa abin da ya nuna can kuɗin za su. Tarihin haraji a ƙasar Kano bai bar mana ko ɗaya a cikinsu ba.

Tun kafin zuwan Turawa ana biyan kuɗin ƙasa da jangali. Bayan sun ci Kano a 1903 suka tattara su, suka mayar da su tsabar kuɗi, aka kafa baitulmali, aka saki malaman taki suna auna gonaki da ƙafa. Hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, mai unguwa ya tsaya a ƙofar talaka. Baffana, Allah ya jiƙansa, in ana hirar kaka ba amfanin gona yake fara tunawa ba, lokacin haraji yake tunawa. Ya ce magidanci kan sayar da gyaɗarsa da araha, ko akuyar matarsa, don dai ya riƙe rasit, wanda ya rasa kuma ya sha rana a ƙofar fada ko ya tsere cirani. Fulani su kaɗa shanu su ƙetare iyaka cikin dare kafin masu ƙirga su iso. Na taɓa tambayarsa, "Baffa, to me aka yi muku da kuɗin?" Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wa ya isa ya tambaya?" A wurinsa haraji ba yarjejeniya ba ce tsakanin mai mulki da wanda ake mulka, tara ce ta kasancewa a raye.

Abin da ya kamata matasanmu su sani shi ne, babbar makarantar zama ɗan ƙasa da aka taɓa yi a wannan yanki daga ƙin wannan zalunci ta fito, kuma ba gwamnati ce ta biya kuɗinta ba. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano da mutanensa suka shiga ƙauyuka suna koya wa talaka cewa yana da haƙƙin ya ce a'a, ya nemi rasit, ya ƙi aikin tilas. Teloli da mahauta da 'yan koli su suka riƙe tafiyar da taro da sisinsu, suka sha ɗauri a kai. Gwamnatin Arewa a nata ɓangaren ta yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, manya suka koyi karatu da rubutu. Da PRP ta ci Kano a 1979, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, lokacin Jigawa tana cikin Kano, don sai a 1991 aka yanke ta. A 1980 ya kafa hukumar ilimin manya. Na yarda soke harajin nan adalci ne, har gobe. Amma ya bar wani giɓi da ba a cika faɗa ba: daga ranar kuɗin mai daga tarayya ya zama uwa ya zama uba, mutumin ƙauye ya daina jin cewa kuɗinsa ne ake kashewa, mai mulki kuma ya daina jin ana bin sa bayani.

Abin da ya biyo baya daga sama ya riƙa saukowa. Yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, shirin zaburar da jama'a na MAMSER a 1987, hukumar wayar da kai ta NOA a 1993. Sibik ya dawo manhajar makarantu a 2007, daga baya ya zama dole a jarrabawar gama sakandare. A 2018 aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Duk da haka a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba. Ɗalibina zai lissafa maka rassan gwamnati uku ba gargada, amma bai san kansilan mazaɓarsa yana da wani aiki ban da rabon taki ba.

Shin ɗan akwatin nan zai yi mana? A yadda yake a can, a'a. Wa ke cike fom ɗin haraji a ƙauyenmu? Ni da nake ma'aikaci tun kafin albashi ya iso ake yanke nawa, ban taɓa ganin takardar da aka tambaye ni ra'ayi ba. Sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta yafe wa duk wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba, wato akasarin manomanmu. Amma kada a ce ba sa biyan komai. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a ka ga yadda ake yankar rasit a kan kowace dabba da kowace rumfa. Kuma kada a ce ba ma bayarwa don Allah: mu ne masu gayya, masu gidauniyar masallaci, masu fitar da zakkar hatsi tun a masussuka. Mutumin da ke ba da dami ba a roƙe shi ba, naira ɗari ba za ta gagare shi ba. Inda kuɗin za su kwana ne yake tsoro.

Idan hukumomin tara kuɗin shiga na Kano da Jigawa za su gwada, ni a ganina da ma'aikata za a fara, a ba kowa zaɓi a rubuce, mai so ya yarda a ware wani abu kaɗan domin karatun zama ɗan ƙasa a makarantu, mai ƙi a ƙyale shi ba tare da shugabansa ya sani ba. In aka ce dole, an dawo da harajin Baffa da sabon suna. Kuɗin ƙaramar hukuma su tsaya a makarantunta, a liƙa lissafi a bango kowane zango. Kada kuma gwamnati ta fake da wannan ta janye hannu daga littafi da albashin malami, don tarihin Amurka ya nuna irin wannan rijiya tana ƙafewa in mutane suka daina ganin ruwan.

Tafiyarmu Dutse dai ta yiwu bayan kaka. Malamai muka yi karo-karo, iyaye suka kawo abin da ya sauwaƙa, wata tsohuwa ta aiko da kwano biyu na riɗi aka sayar. Yara suka zaɓi ma'aji a cikinsu, suka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a allo. Da muka dawo, wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, lissafin bai cika ba, saura naira ɗari biyar." Muka sake bi layi-layi har muka gano kuɗin ruwan leda ne ba a rubuta ba, ma'aji ya tashi ya rubuta a gaban kowa.