Koyon Rera Waƙa ta Intanet da Shirin Ɗora Murya a Situdiyo

Koyon rera waƙa ta intanet hanya ce da malami ke horar da muryar ɗalibi ba tare da sun zauna wuri ɗaya ba. Ana yin sa ta kiran bidiyo kai tsaye, ko ta musayar muryoyin da aka naɗa, ko ta darussan da aka ɗora a YouTube da makamantansa. Hanyar ta bazu sosai daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana taruwa. A Bauchi masu amfana da ita sun haɗa da sha'irai masu bege, mawaƙan biki da na siyasa, masu waƙoƙin soyayya, mata 'yan amshi da mawaƙan coci. A al'adance yaro yakan bi ubangidansa shekara da shekaru yana amshi har ya kama karin waƙa. Intanet ba ta maye gurbin wannan ba, amma tana koyar da abin da ba a cika yi wa bayani a can ba, wato sarrafa numfashi da kiwon murya.

Yadda murya ke fita

A cikin maƙogwaro akwai tantani guda biyu da iskar huhu ke kaɗawa. A maganar yau da kullum, na namiji baligi suna kaɗawa kamar sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa, na mace kuwa sau 165 zuwa 255. Yawan kaɗawar ne ke sa murya ta yi sama ko ƙasa. Ƙarfinta kuma daga iska yake zuwa, shi ya sa darasin farko kusan kullum na numfashi ne: ɗalibi ya ɗora hannu a kan cikinsa, ya shaƙi iska har ciki da haƙarƙari su buɗe ba tare da kafaɗu sun ɗaga ba, sannan ya sake ta a hankali da sautin "sss" na daƙiƙa 15 zuwa 20. Wanda bai iya wannan ba da maƙogwaro yake matso sauti, kuma kafin baiti na uku muryarsa ta fara shaƙewa.

Darasi daga nesa

Babbar matsalar kiran bidiyo ita ce jinkiri. Sautin da ya tashi daga wayar malami yakan ɗauki milisakan 100 zuwa 300 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) kafin ya iso, wani lokaci fiye, alhali mutum biyu ba sa iya rera abu tare cikin daidaito idan jinkirin ya wuce kamar milisakan 30. Saboda haka malami ba zai kaɗa fiyano daga can ɗalibi yana bi daga nan ba. Abin da ke aiki shi ne malami ya rera ɗango, ya yi shiru, ɗalibi ya maimaita. Idan ana buƙatar kiɗa, a turo shi tun kafin darasi, ɗalibi ya kunna shi a wata wayar a gefensa.

Matsala ta biyu ta fi ɓuya. An ƙera manhajojin kira ne domin magana, don haka suna ɗaukar dogon sauti marar yankewa a matsayin hayaniya su danne shi, suna kuma rage ƙarfi idan mutum ya ɗaga murya. Malami sai ya ji kamar numfashin ɗalibi ya ƙare, alhali manhajar ce ta yanke shi. Manhajar kiran bidiyo ta Zoom tana da wani saiti na mawaƙa da ke kashe wannan tacewar, kuma ya kamata a kunna shi. Kiranta na kyauta yana yankewa bayan minti 40, wanda ya ma isa darasin mai farawa. Awa ɗaya ta bidiyo na iya cin sama da rabin gigabait na data.

A inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa, musayar naɗaɗɗiyar murya ta fi kiran kai tsaye amfani nesa ba kusa ba. Ɗalibi ya naɗi baiti ɗaya da manhajar ɗaukar sauti ta waya, ya tura ta WhatsApp a matsayin fayil. Saƙon murya na danna-ka-riƙe yana matse sauti ya zubar da ƙananan abubuwan da malami ke son ji. Malami ya saurara, ya mayar da gyara yana ambaton daƙiƙar da kuskuren yake. Akwai ƙarin fa'ida a nan: ɗalibi yana jin muryarsa yadda wasu ke jin ta, abin da yawanci kan girgiza mutum a karon farko, domin a cikin kansa yana jin ta ne ta ƙashin kai, ta fi kauri.

Wayar a jingine ta daidai fuska, nesa kamar taku biyu, ta yadda malami zai ga wuya, kafaɗu da ciki. A tsaye ake darasi. Iyafis mai waya ya fi na Bluetooth, wanda ke ƙara nasa jinkirin. Ɗaki mai katifa, labule da kafet ya fi falo mai tayil. A unguwanni masu cunkoso irin Wunti ko kewayen kasuwar Muda Lawal, ƙarar babura da janareta kan sa hantsi da yamma su yi wuya, dare ya fi sauƙi.

Abin da malamin waje ba zai ji ba

Yawancin darussan da ke intanet da Turanci ne, an kuma gina su a kan waƙar Turai da Amurka. Atisayen numfashi da ɗumama murya duk ɗaya ne ko'ina. Furuci ne ya bambanta. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma tsawon wasali yana sauya ma'ana: mawaƙin da ya ja gaɓar farko ta "gari" don ya cike kiɗa, ya bar maganar birni ya koma ta garin tuwo. Haka ƙ, ɗ, ɓ da ts sukan narke idan mutum ya kwaikwayi sakin baki irin na mawaƙan waje. Wannan gyara sai kunnen Bahaushe. Wanda malaminsa ba ya jin Hausa ya nemi tsohon mawaƙi ko marubucin waƙa ya duba masa kari da amsa-amo kafin ya nufi situdiyo.

Kwanaki kafin ɗaukar murya a situdiyo

Rabin aikin situdiyo a gida ake yin sa. Mawaƙi ya karɓi kiɗan aƙalla mako ɗaya kafin ranar, ya gwada wuri mafi sama da mafi ƙasa na waƙar. Idan sai ya yi ihu yake kaiwa, a gaya wa mai kiɗa ya sauke matakin sautin tun yanzu, domin sauke shi bayan an ɗora amshi yana ɓata aiki. A rubuta baitocin da manyan haruffa, a ja layi a duk inda za a shaƙi iska, a haddace. Mai karantawa daga waya yakan sunkuyar da kai, maƙogwaro ya matse, baki ya kauce wa makirufo.

Ruwan da mutum ya sha ba ya bi ta kan tantanin murya, ta jini yake isa gare su bayan sa'o'i. Don haka tun jiya ake fara sha, ba a bakin ƙofar situdiyo ba. Zuma da shayin citta suna laushe maƙoshi, amma su ma ba sa taɓa tantanin. Abin da ke isa can kai tsaye shi ne tururin ruwan ɗumi, minti 5 zuwa 10. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura da busasshiyar iska suna busar da maƙogwaro, sai a rufe hanci da baki idan za a hau babur. Tsire mai yaji ko abinci mai maiƙo gab da kwanciya kan jawo ƙwannafi, ruwan ciki ya taso ya ƙona maƙogwaro, a wayi gari murya ta yi nauyi. Sigari da shisha sun fi duka illa. A watan azumi an fi samun murya sa'a biyu ko uku bayan buɗa-baki.

Ɗumama murya minti 10 zuwa 15 ya isa: rera "mmm" baki a rufe, kaɗa leɓe kamar yaro mai kwaikwayon babur, da rera sauti ta cikin siririn bututun shan lemo, daga ƙasa zuwa sama a dawo.

A gaban makirufo

Makirufon situdiyo yana jin komai, har motsin warwaro, kacaniyar shadda mai sitaci da juya takarda. A cire awarwaro, a kashe fanka. Tazara tsakanin baki da makirufo santimita 15 zuwa 20 ce, da ragar tare iska a tsakani don kada "b" da "f" su daki na'urar. Matsawa kusa na sa murya ta yi kauri fiye da kima, ja da baya na shigo da amsa-kuwwar ɗaki. A wurin ɗaga murya, a ɗan janye kai. Injiniya yakan saita ƙarfin shiga ta yadda ƙololuwar sauti za ta tsaya tsakanin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 12 da 6 ƙasa da iyakar da na'ura ke iya ɗauka, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa da kyau.

Hedifon ma yana ruɗa mawaƙi. Idan kiɗa ya danne muryarsa sai ya dinga turawa da ƙarfi, ya hau sama da sautin da ake so. Ya nemi a ƙara masa muryarsa, ko ya zame kunne ɗaya, amma ya danne wancan ɓangaren a jikin kansa don kada kiɗa ya zubo cikin makirufo. Ana ɗaukar kowane baiti sau uku zuwa biyar, a tsinci mafi kyau a haɗa. Bayan kowane minti 30 zuwa 40 a huta. Auto-Tune, manhajar gyaran murya da kamfanin Antares ya fitar a 1997, tana jan sauti zuwa inda ya dace, amma ba ta mayar da harafin da aka haɗiye ko numfashin da ya yanke, kuma idan kuskuren ya yi nisa sai ta ja shi zuwa sautin da ba shi ake nufi ba.

Mawaƙi ya karɓi muryarsa zalla a fayil na WAV, wanda ba ya matse sauti, ba MP3 kaɗai ba. 

Dushewar murya

Idan murya ta dishe bayan ɗauka, a yi shiru a sha ruwa. Raɗa da yawan gyaran murya suna ƙara goga tantanin. Alawar mentol tana ɓoye zafi ne kawai, mutum ya ci gaba da rerawa a kan rauni, kuma irin wannan tilastawa ce ke haifar da ƙananan ƙulluka a gefen tantanin. Dushewar da ta wuce mako biyu zuwa uku, ko ta zo da jini ko wahalar haɗiya, tana buƙatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi.