Kashi 85 cikin 100: nawa ake ci daga hukuncin ɗauri a kurkukun gwamnatin tarayyar Amurka?

A nan gida mutane kan ce shekarar gidan yari wata takwas ce, saboda ana yafe wa fursuna mai ladabi kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa. Shi ya sa da an ji kotun Amurka ta ɗaure wani shekara goma, sai ka ji ana cewa ai shida zai yi ya fito. A kurkukun gwamnatin tarayyar Amurka lissafin ba haka yake ba.

Da farko, can babu sakin talala, wato a saki fursuna bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika. Wata dokar gyaran hukunci ta 1984 ta soke shi ga duk laifin da aka aikata daga 1 ga Nuwamban 1987. Abin da ya rage shi ne rangwamen kyakkyawan hali: kwana 54 a kowace shekara ta hukuncin. Ka cire 54 daga 365, saura kusan kashi 85 cikin 100, kuma daga nan ne wannan adadi ya samo asali. Mai shekara goma zai iya samun ragin kwana 540, wato ya zauna shekara takwas da rabi. Rangwamen kuwa ba kyauta ba ne da babu kome. Faɗa, ɓoye wayar salula ko ƙwaya, duk suna sa hukumar gidajen yari ta zaftare kwanakin. Mai ɗaurin rai da rai ba ya cikin lissafin.

Akwai wani abu da kan ba mutane mamaki. Rangwamen na wanda hukuncinsa ya wuce shekara ɗaya ne kawai. Wanda aka yanke wa wata 12 cif zai yi su cif. Wanda aka yanke wa shekara ɗaya da kwana ɗaya kuwa zai iya fita bayan wata goma da 'yan kwanaki. Don haka idan ka ga lauya yana roƙon alƙali ya ƙara wa wanda yake karewa kwana guda, ba hauka yake yi ba.

Shekaru da dama hukumar gidajen yarin tana lissafa kwana 54 ɗin a kan zaman da mutum ya yi, ba a kan abin da alƙali ya furta ba, sai ragin ya koma kusan kwana 47 a shekara. Kotun ƙolin Amurka ta amince da wannan lissafi a 2010. Dokar First Step Act, wadda Donald Trump ya sa wa hannu a Disambar 2018, ita ta gyara shi. Ta kuma buɗe wata ƙofa: duk kwana 30 da fursuna ya yi a shirin koyon sana'a, karatu ko gyaran hali, yana samun kwana 10, ko 15 idan an auna shi ba mai haɗarin komawa laifi ba ne. Da waɗannan ana iya rage har shekara guda, sauran kwanakin da ya tara kuma ya ƙarasa su a gidan share fagen komawa cikin jama'a ko tsare a gidansa. Masu manyan laifuka da yawa dokar ta cire su.

Ɗauki Ramon Abbas, ɗan Najeriyar nan da aka fi sani da Hushpuppi, wanda aka kama kan damfarar intanet. Wata kotun tarayya a Los Angeles ta yanke masa wata 135 a Nuwamban 2022. Rangwamen kyakkyawan hali, in ya same shi duka, kusan wata 20 ne, saura wata 115. Kuma ƙirgen ba daga ranar hukunci yake farawa ba, ana haɗawa da zaman da ya yi a tsare tun 2020.

Ga baƙo, inda gizo ke saƙar shi ne wancan ƙarin rangwame na 2018. Wanda aka riga aka yanke wa umarnin korarsa daga ƙasar ba zai iya cin moriyar kwanakin ba, ko da ya tara su. Ranar da ya gama wa'adinsa ma, galibi ba gida ake sallamarsa ba, jami'an shige da fice ake miƙa shi, su riƙe shi har a sa shi a jirgi zuwa ƙasarsa.