Rage albashin ministoci na wucin gadi

Rage albashin ministoci na wucin gadi wani mataki ne da gwamnatoci ke ɗauka idan ƙasa ta shiga matsi, a zabtare wani kaso na albashin na ƴan watanni ko shekara guda, in wa'adin ya cika kuma a mayar musu da abinsu. A ƙasashe da dama ba ministan ne ke yanka wa kansa albashi ba, doka ce ko wata hukuma mai zaman kanta, shi ya sa ragewar ma ba a baki kawai ake yinta ba, ko dai a kai ƙudiri majalisa ko kuma minista ya karɓa ya mayar a matsayin gudummawa.

Lokacin korona a 2020 ne aka fi ganin abin. A Niyu Zilan firaminista Jacinda Ardern da ministocinta sun rage kashi 20 cikin ɗari na wata shida, amma sai da majalisa ta yi doka tukuna, don hukumar da ke tsara albashin ba ta da hurumin ragewa. Indiya ta yanke kashi 30 na albashin ƴan majalisa har da firaminista da ministoci na shekara ɗaya daga 1 ga Afrilu. A Afirka ta Kudu kuwa shugaban ƙasa Cyril Ramaphosa da ministocinsa sun saki kashi ɗaya cikin uku na wata uku, kuɗin ya tafi asusun tallafin korona.

Wannan daban yake da ragin da ba a sa masa ranar ƙarewa ba, irin kashi 30 da shugaban ƙasa François Hollande ya yanke wa kansa da ministocin Faransa a 2012.

Kuɗin da ake tarawa dai ba wani abin a zo a gani ba ne, ministoci nawa ne duka-duka a kasafin ƙasa? Ita kanta Ardern ta yarda cewa ragin ba zai canja lissafin baitulmali ba, nuna wa jama'a ne cewa ana tare. Masu suka kuma cewa suke albashin tsurarsa ake taɓawa, alawus da gida da mota da kuɗin tafiye-tafiye sau da yawa suna nan daram, kuma a wasu wuraren nan ne romon yake.