Kenji Johjima

Kenji Johjima tsohon ɗan wasan besbol ne ɗan ƙasar Japan, wanda aka haifa ranar 8 ga Yuni, 1976, a garin Sasebo na lardin Nagasaki. Shi ne Bajapane na farko da ya riƙe gurbin mai cafe ƙwallo a matsayin aikinsa na kullum a babbar gasar besbol ta Amurka.

Ƙungiyar Fukuoka Daiei Hawks ce ta ɗauke shi a 1994 bayan ya kammala sakandare, ya kuma yi mata wasa daga 1995 zuwa 2005 a ƙarƙashin koci Sadaharu Oh. Tare da shi ƙungiyar ta ci kofin Japan a 1999 da 2003, kuma a 2003 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na rukunin Fasifik, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na gasar besbol ta Japan.

A Nuwamban 2005 ya sa hannu a kwantiragin shekara uku da ƙungiyar Seattle Mariners ta Amurka kan dala miliyan 16.5, ya tarar da ɗan ƙasarsu Ichiro Suzuki a can. Wannan ƙaura ta fi ta sauran 'yan wasan Japan wuya, kuma dalilin yana cikin aikin kansa. Mai cafe ƙwallo yana tsugune ne a bayan mai duka, wato mai dukan ƙwallo da sanda, sanye da makarin fuska da na ƙirji, a wancan lokacin kuma yana yi wa mai jifa ishara da yatsu tsakanin gwiwoyinsa kan irin jifar da za a yi da inda za ta faɗa. Dole ne ya san halin kowane mai duka na abokan hamayya, idan kuma mai jifa ya rikice, shi ne zai tashi ya je ya kwantar masa da hankali. Aiki ne na baki da na yarda, ga shi kuma Johjima ya iso yana koyon Turanci, a ƙungiyar da wasu masu jifarta Sifaniyanci ne harshensu na gida.

Duk da haka kakarsa ta farko ta yi kyau ƙwarai. A wasanninsa biyu na farko a 2006 ya buga ƙwallo ta tsallake shingen fili a kowannensu, ya kuma kammala kakar da irin wannan bugu 18. A 2007 ya yi suna wajen kama masu satar tushe, wato abokan hamayya da ke ƙoƙarin rugawa daga wata matsaya a fili zuwa ta gaba yayin da mai jifa ke jifa, saboda saurin hannunsa da ƙarfin jifarsa. A Afrilun 2008 ƙungiyar ta tsawaita kwantiraginsa da shekara uku kan dala miliyan 24, amma a wannan kakar bugunsa ya ja baya sosai. A 2009, bayan ya taimaka wa Japan ta lashe gasar besbol ta duniya, rauni ya dame shi, manyan masu jifar Mariners kuma suka fi yin wasa da wani mai cafe ƙwallon ƙungiyar, Rob Johnson.

A Oktoban 2009 ya haƙura da shekara biyun da suka rage masa, tare da kusan dala miliyan 16, ya koma gida domin ya riƙa buga wasa kullum. Ya shiga Hanshin Tigers, inda ya sake haskakawa a 2010, kafin ciwon gwiwa da na gwiwar hannu su hana shi tsugunon da gurbinsa ke buƙata. Ya yi ritaya a 2012, daga baya ya koma Hawks a cikin masu gudanar da ƙungiyar.