Iskar da ake shaƙa wa mara lafiya a tiyata ba ta zama a jiki

A ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura, da an ce za a yi wa mutum tiyata sai ka ji tsofaffi na cewa iskar nan ta sa barci ba ta fita daga jini, ita ce ke kashe jiki har tsufa. Ba haka ba ne.

Hanyar da ta shiga ita ce hanyar fitarta. Maganin yana bi ta huhu zuwa jini, ya kai ƙwaƙwalwa. Da likita ya rufe shi, numfashi ne ke fitar da shi, shi ya sa mutum ke fara motsi cikin 'yan mintuna. Isofuluren, ɗaya daga cikin magungunan sa barcin da ake shaƙa, alal misali, abin da hanta ke sarrafawa daga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Tsohon maganin nan halotan ne hanta ke ɗaukar kusan kashi 20, kuma shi ne kan taɓa ta jefi-jefi. Jiri da tashin zuciya kuwa, yawanci kwana ɗaya sun wuce.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne kokon da ake ba mara lafiya a ɓoye kafin tiyata, wai ya samu ƙarfi. Wanda aka sa barci ba ya iya tari, abin da ke cikinsa na iya tasowa ya faɗa huhu. Dalilin hana abinci awa 6 ke nan.

Idan kuma wani a danginku ya taɓa yin zazzaɓi mai tsanani ana cikin tiyata, ku faɗa wa likita tun da wuri, don ana gadonsa.