Gyaran Kwalkwalin Rezin Irin na Boba Fett: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda ya ga hoton kwalkwalin Boba Fett a intanet yana sheƙi, ya tura kuɗi aka aiko masa da wanda ba a gama ba, yakan yi turus ranar da ya buɗe kwali. Abin da zai tarar fari ne ko ruwan toka, babu fenti, ba a ko yanke wurin ido ba, bakinsa kaca-kaca. Ba cutarsa aka yi ba, haka ake sayar da su. Boba Fett wani mayaƙi ne na cikin labarin finafinan Star Wars, wanda Joe Johnston da Ralph McQuarrie suka zana kamanninsa, ya yi fice a The Empire Strikes Back na 1980. Tun da shirin Star Wars na talabijin mai suna The Mandalorian ya fito a 2019 masu neman wannan kwalkwali mai ido kamar harafin T suka ƙaru. Ga tambayoyin da sabon hannu ya fi yi.

Mene ne rezin ɗin, kuma me ya sa kwalkwalin ke zuwa da aibu?

Ruwa ne iri biyu, galibi na foliyuretan, da ake haɗawa su daskare cikin 'yan mintoci su zama roba mai tauri. Mai zubi yakan zuba shi a mazubin silikon, ya yi ta jujjuya mazubin da hannu har ruwan ya lulluɓe bangon ciki, ya sake zuba wani a kai, sau uku ko huɗu. Aikin hannu ne, don haka wani wuri yakan yi kauri, wani ya yi siriri. Inda ɓangarorin mazubin suka haɗu yakan bar layi, iskar da ta maƙale ta bar ƙananan ramuka, man da aka shafa don kada zubin ya manne kuma ya zauna a jikinsa.

Da me zan fara?

Da wanki. Ruwa mai ɗumi, sabulun wanke kwanoni, da tsohon buroshin haƙori. Man nan ba a ganinsa, amma shi ne ke sa fenti ya tattare ko ya ɓanɓare daga baya. Idan ka ɗauraye ka ga ruwa yana dunƙulewa ɗigo-ɗigo a jiki, da sauran mai, sake wankewa. In ya bushe, shiga ɗaki mai duhu ka kunna tocila a cikinsa. Duk inda haske ya fi ratsowa, nan ne siriri. Zagaye shi da fensir don ka san inda za ka sassauta hannu.

An ce ƙurarsa na da illa. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma wannan ce amsar da na fi so a riƙe. Garin rezin yana da laushi sosai, yana daɗewa a iska, yana shiga huhu da ido. Takunkumin yadi irin na kasuwa ba ya tare shi. Nemi mai tace ƙura sosai, aƙalla N95, in da hali mai lambar P100, da tabaran kare ido. Lokacin feshin fenti ko aikin foti, wato kwaɓin cike rami, kuma sai takunkumi mai tace tururin sinadari, domin na ƙura ba ya hana warin shiga. Yi aikin a waje, nesa da yara da wurin girki. Hanya mafi sauƙi ta rage ƙurar ita ce gugar ruwa: ka riƙa tsoma samfefa a bokiti, garin ya zama taɓo maimakon ya tashi sama.

Yaya ake yanke wurin idon ba tare da an fasa shi ba?

A nan gaban kowa ke faɗuwa, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Ja layi da fensir, sannan ka yi aiki daga cikin layin, ka bar milimita 2 ko 3. Wasu kan jera ƙananan huji da na'urar huda sannan su haɗa su, wasu su yi amfani da ƙaramin injin hannu irin Dremel mai faifan yanka. Ko wanne ka zaɓa, kada ka danna. Bar injin ya ci da kansa, don in ka matsa sai faifan ya kufce ya zana maka tabo a kunci. Ragowar milimitocin nan da magagari da samfefa za ka cinye su a hankali har ka iso layi.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Da zarar ka cire T ɗin, kumatun biyu sun rasa abin da ke riƙe su, sai su buɗe ko su matse. Idan zubin siriri ne, ƙarfafa cikinsa da zaren faiba da rezin tun kafin ka yanke. Wasu kuma kan bar ɗan guntu a can ƙasan T ɗin ya zama gada, sai ranar saka gilashi su cire shi.

Layin haɗi da ramukan fa?

Fara da samfefa mai lamba 120 a kan layin, ka hau 220, sannan 400. Lamba 80 tana ci da sauri fiye da yadda kake zato, ajiye ta don tudu mai kauri kawai. A wuri mai faɗi naɗe samfefar a guntun katako, domin yatsa yana bin kwari ya ƙara zurfafa shi. Ka kuma kula da kusurwoyi. Kyan wannan kwalkwali yana kaifin layukan goshi da kumatu, kuma hannu mai zafi cikin minti ɗaya zai mayar da su dunƙulallu.

Babban rami na foti ne, irin wanda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi. Yana kamawa cikin mintoci kaɗan, saboda haka kwaɓa kaɗan-kaɗan. Ƙananan ramukan iska kuwa masu yaudara ne: bakinsu ƙarami, cikinsu da faɗi. Idan ka shafa foti a kai haka nan, sama kawai zai rufe, ya burma daga baya. Buɗe bakin da tsinin reza tukuna, sannan ka cike. Ɗigon sufa gulu da garin bekin soda ma yana aiki nan take, sai dai ka goge shi da wuri, domin in ya kwana yakan fi rezin ɗin tauri.

Bayan haka fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, wanda masu fentin mota ke kira firaima. Zai tona maka ramukan da ka rantse babu su. Cike, goge, sake fesawa. Zagaye uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne. A ganina kashi mafi girma na aikin yana nan, domin fenti mai sheƙi ba ya rufe aibu, nuna shi yake yi.

Nawa ya zo a karkace. Ya lalace ke nan?

Ba lallai ba. Rezin yana laushi da zafi. Tsoma wurin a ruwan zafi ko ka hura masa na'urar busar da gashi, ka lanƙwasa a hankali, ka riƙe, ka sanyaya da ruwa. Wannan halin nasa kuma gargaɗi ne gare mu. Kwalkwalin da aka bari a rufaffiyar mota da rana a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu zai iya sauya kama kafin la'asar.

Amma dubi hotunan na asali kafin ka daidaita komai. Kwalkwalan finafinan farko da hannu aka sassaƙa su, kuma ba su daidaita hagu da dama ba. Na sojojin Stormtrooper da Andrew Ainsworth ya buga a Ingila don fim ɗin Star Wars na farko na 1977 sananne ne da wannan karkata, kuma masu zubi da yawa da gangan suke kwaikwayonta. Lotsawar da ke saman kwalkwalin Boba Fett ma alamarsa ce. Abin takaici ne a ga mutum ya cike ta da foti yana zaton gyara yake yi.

Zan iya sauya fasalinsa yadda nake so?

Ya danganta da inda za ka sa shi. Ƙungiyar masu yin shigar Star Wars ta 501st Legion, wadda Albin Johnson ya kafa a Amurka a 1997, tana da rubutattun ƙa'idoji ga kowace shiga, kuma abin da take nema shi ne ya yi daidai da na fim. Mandalorian Mercs, wadda aka kafa a 2007, tana barin mutum ya ƙirƙiri nasa launi da ado cikin wasu iyakoki. In kana da niyyar shiga ɗayansu, karanta ƙa'idarsu kafin ka ɗauki zarto.

Don ƙara tudu ko sabon layi, fotin efoksi mai kashi biyu irin Milliput ya fi, domin yana ba ka lokaci ka siffanta shi da jiƙaƙƙen yatsa. Murfin kunnuwa da sandar hangen nesa da ke gefen dama gara a ɗaure su da ƙananan noti ko maganaɗisu. Sandar ita ce ke fara karyewa a bakin ƙofa, kuma wadda aka manne da gam ba ta sauyuwa cikin sauƙi.

Gilashin fuska da cikin kwalkwalin?

Robar kare fuska mai duhu ta masu walda da gurza ƙarfe ita aka fi amfani da ita. Fitar da siffar a takarda tukuna, ka yanke da ɗan rara. Kada sufa gulu ya kusance ta, tururinsa yana barin farin hazo da ba ya goguwa. Gam na narkawa kuma yana saki da zafi, don haka noti da aka kafa da efoksi ya fi aminci. Sa soso a sama da gefuna har idonka ya daidaita da tsagar. Ƙananan fankokin kwamfuta masu bolt 5, haɗe da batirin cajin waya, suna rage gumi da hazo.

Yaya ake samun kamannin tsohon ƙarfe da ya sha yaƙi?

Hawa-hawa. Fesa ruwan azurfa a ƙasa, ka ɗiɗɗiga ruwan rufe fenti ko man goge baki inda kake son ƙujewa, ka fesa kore a kai, in ya bushe ka murje. Azurfar za ta leƙo kamar fentin ne ya ɓare. Sa ƙujewar inda abu zai bugu da gaske, wato gefuna da tudu. Mai son sheƙin ƙarfe irin na The Mandalorian kuma yakan fesa baƙi mai ƙyalli, ya murza garin girafait, irin na bakin fensir, a kai. Yi feshi siriri sau da yawa, ka gwada haɗin fentin a guntun da ka yanke daga ido, kuma ka guji ranar da hunturu ya taso da ƙura.

Zan iya hawa babur da shi?

A'a. Ba hular kwano ba ce. Ba shi da abin da ke shanye bugu a ciki, rezin yana tarwatsewa ya zama tsini idan ya daki kwalta, kuma ta tsagar T ɗin ba ka ganin abin da ke tahowa daga gefenka.