Sashe na 27: Me Doka Ta Tanadar wa Tsiraru a Gaban Hukuma?

A ƙasar da ƙabilu, addinai da harsuna suka yi yawa, mutum kan auna hukuma da tambaya guda: ɗan gida ta ɗauke ni ko baƙon da ake haƙuri da shi? Wanda aka rufe masa wurin ibada, ko aka hukunta ɗansa a makaranta don ya yi magana da harshen iyayensa, da wuya ya ƙara kallon ɗan sanda ko alƙali da idon aminci. Wannan ciwon ne Sashe na 27 na Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan Haƙƙoƙin Jama'a da na Siyasa ya taɓo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar a 1966, ta fara aiki a 1976, kuma ƙasashe sama da 170 sun shiga cikinta.

Sashen jimla ɗaya ce tak. A duk ƙasar da ake da tsiraru ta fuskar ƙabila, addini ko harshe, ba za a hana ɗayansu raya al'adarsa, bin addininsa da amfani da harshensa ba, tare da sauran mutanensa. A 1994 Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan'adam, mai ƙwararru 18 da ke sa ido kan yarjejeniyar, ya ƙara bayani cewa ba gwamnati ce ke yanke ko akwai tsiraru a ƙasarta ba, zahiri ake dubawa. Kariyar ta haɗa har da ma'aikata 'yan ci-rani da ba su da takardar zama ɗan ƙasa. Kame hannu kuma bai wadatar ba, wani lokaci sai gwamnati ta tashi ta kare su daga wasu mutane.

Inda aka fi yi wa sashen gurguwar fahimta shi ne wanda ya mallaki haƙƙin. Na mutum ne shi kansa, ba na shugabannin ƙabila ba. Shari'ar Sandra Lovelace ta fito da wannan fili. 'Yar ƙabilar Maliseet ce a Kanada, ta auri wanda ba ɗan asalin ƙabilun ƙasar ba, sai dokar lokacin ta cire ta daga rajistar mutanenta, alhali namijin da ya auro bare ba ya rasa komai. Aure ya mutu, ta koma yankin Tobique inda ta tashi, doka ta ce ba ta da ikon zama a can. A 1981 kwamitin ya ce Kanada ta saɓa Sashe na 27, domin babu wani wuri da matar za ta rayu cikin harshenta da al'adarta in ba can ba. Kanada ta gyara dokar a 1985. A ganina hukuncin ya yi daidai, don takardar gwamnati ba ta isa ta raba mace da tsatsonta ba.

Ba kowa ya yarda da sashen ba. Faransa, da ta shiga yarjejeniyar a 1980, ta bayyana cewa sashen bai shafe ta ba, tunda tsarin mulkinta 'yan ƙasa masu daidaito ya sani, bai san rukuni-rukuni ba. Tsoronta na rarrabuwar kai abin fahimta ne, amma ƙin ambaton mutane ba ya sa su manta ko su wane ne.

Sashen yana da iyaka. Bai ba kowa izinin ɓallewa daga ƙasa ba, kuma al'ada ba ta zama hujjar tauye wa wani haƙƙinsa. Mai ƙorafi ba zai kai kuka gaban kwamitin ba sai ƙasarsa ta karɓi ƙarin yarjejeniyar da ta ba da wannan dama, kuma sai ya ƙure kotunan gida. Ko ya yi nasara, kwamitin ba shi da ikon tilastawa. Aiwatarwa tana hannun gwamnatin da aka kai ƙara.